Yadda Ake Cika Wa'adin da Aka Yi wa Allah

Ba a tilasta wa kowa yin wa'adi. A cikin Littafi Mai Tsarki, Maimaitawar Shari'a 23:21-23 ta nuna cewa wanda bai yi ba ba shi da laifi, amma abin da baki ya furta ya zama bashi, shi ya sa Mai-Wa'azi 5:5 ya ce gara kada a yi da a yi a kāsa cikawa. Aikin yana farawa ne tun kafin a buɗe baki. A ranar gidauniyar ginin majami'a, sa'ad da mai shela yake kiran sunaye ana tafi, na kusa da kai ya miƙe ya ce buhun siminti ashirin, sai ka tambayi kanka ko da Allah kake magana ko kuwa da idon jama'a. Ka faɗi abin da albashinka ko gonarka za su iya ɗauka, kuma idan kana da iyali, kada ka sa hannu a abincin gida ba da sanin matarka ba.

Da zarar ka furta, ka rubuta shi a ranar, da adadinsa da lokacin biya. Wa'adin da aka yi a fili yana cikin littafin magatakarda, za a tuna maka. Wanda ya fi saurin ɓacewa shi ne na ɓoye, wanda aka yi da tsakar dare a gefen gadon yaro mai zazzaɓi, ko a bakin gona lokacin da ruwa ya ɗauke masara tana nannaɗe ganye. Irin wannan ya kamata ka gaya wa mutum guda mai riƙe asiri, fasto ko wani dattijon ikilisiya, ka ba shi izinin tambayarka.

Sai gaggawa. Yakubu ya yi wa'adi a Betel yana gudun wansa Isuwa, ya yi shekara 20 a gidan kawunsa Laban, ya dawo da garkuna, duk da haka sai da Allah ya ce masa ya tashi ya haura Betel (Farawa 35:1). Hannatu kuwa, wadda ta yi wa'adin ba Allah ɗanta, tana yaye Sama'ila ta kai shi Shilo wurin firist Eli. A ganina bambancin nan ne ya fi shafar mu, domin yawancinmu ba ƙin biya muke yi ba, "sai wata mai zuwa" ne yake cinye mu. Idan buhun masara ka alkawarta don godiyar kaka, ka ware shi tun a masussuka, ka rubuta alama a jikinsa kafin sauran su shiga rumbu.

Idan hali ya sauya, kada ka ƙaurace wa sujada don kunya. Ka je wurin dattawa ka faɗi gaskiya, ka nemi a ba ka damar biya kaɗan-kaɗan. Laifin Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni 5, waɗanda suka sayar da gona suka kawo wa manzanni wani sashe na kuɗin, ba ƙarancin kuɗin ba ne, domin Bitrus ya ce gonar da kuɗinta duka a hannunsu suke. Ƙaryar cewa sun kawo duka ce ta hallaka su.

Akwai kuma wa'adin da bai kamata a cika ba. Yefta ya yi subul da baka, ya yi wa'adin miƙa wa Allah duk abin da ya fara fitowa daga gidansa ya tarye shi, 'yarsa tilo ta ɗauki nauyin. Yesu ma ya tsawata wa masu cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su hana iyayensu taimako (Markus 7:11-13). Wa'adin da cika shi zai jawo zunubi ko ya cuci wani, tuba ake yi a kansa, kamar yadda Firistoci 5:4-5 ya umarci mai rantsuwar garaje ya furta laifinsa. Amma kada ka yanke wa kanka wannan hukunci kai kaɗai, ka kai maganar gaban fastonka, ku buɗe nassin tare.