Masu tsohuwar Land Cruiser, ku duba man aksil bayan ketare ruwa

Jama'a barkanmu da damina. Mai tsohuwar Land Cruiser ko Hilux da ke shiga ƙauye, in ka ratsa rafi ruwa ya kai tsakiyar taya, kada ka kwana biyu ba ka kwance notinsa ka duba man aksil ba, wato gidan giyar da ke tsakanin tayoyin hagu da dama. Aksil ɗin na da zafi lokacin da ya faɗa ruwan sanyi, sai iskar cikinsa ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta ɗan bututun numfashinsa ko ta sil (robar da ke hana mai yoyo) da ya tsufa. In ka ga man ya yi fari kamar koko, zubar da shi nan take, ka zuba sabon man giya mai lamba 80W-90, a aksil na gaba da na baya.

Ni sai da nawa ya fara kuka kafin na farga, kuɗin boris kuwa ba a magana. Yanzu na sa bakanike ya ɗaura wa bututun doguwar tiyo, ya kai ta sama cikin gidan inji. Aikin rabin awa ne.

Farfela ma, wato dogon ƙarfen da ke juya aksil a ƙarƙashin mota, a buga mata giris, don laka na cinye shi. Birki kuma, da ka fito daga ruwa ka riƙa ɗan tattaka shi a hankali har ya bushe.