Yadda Ake Kwatanta Addinin Kirista da Addinin Buddha Ba Tare da An Tauye Ɗaya Ba

Ɗalibin da aka ba shi aikin kwatanta addinin Kirista da addinin Buddha a nan Zariya yakan fara ne da ma'aunin da ya riga ya karkata. Kiristanci yana kusa da shi, domin zai iya zuwa Wusasa, inda mishan ɗin CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan, ta koma a 1929, ya ga majami'ar da aka gina da ƙasa bisa salon ginin Hausa, ya ji ana waƙoƙin sujada da harshensa, kuma tun 1932 akwai Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Addinin Buddha kuwa da wuya ya gamu da mai binsa ko a Samaru, sai dai ya neme shi a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello ko a intanet. Wannan rashin daidaito shi ne ke sa ɗalibai su ɗauki tambayoyin da suka saba da su, su jera wa addinin Buddha, sannan su rubuta cewa ba shi da amsa.

Abu na farko shi ne a gano matsalar da kowane addini yake cewa ɗan Adam na ciki, kafin a taɓa batun magani. A wurin Kirista matsalar ita ce zunubi, wato rabuwar mutum da Allah Mahaliccinsa, kuma mutum ba ya iya gyara wannan da ƙoƙarin kansa, sai ta alherin Allah da ya zo ta mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu. Siddhartha Gautama, wato Buddha, wanda aka haifa a Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yau, wajen ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya faro daga wani wuri dabam. A wa'azinsa na farko a Sarnath cikin ƙasar Indiya ta yau ya ce rayuwa cike take da dukkha, wato wahala da rashin gamsuwa, tushenta kuwa shi ne ƙishirwar zuciya da manne wa abubuwa masu gushewa, ana iya kashe wannan ƙishirwar, kuma akwai tafarki mai rassa takwas da ke kai mutum ga hakan. Babu Mahalicci a cikin wannan lissafi. Littattafan mabiya Buddha suna ambaton wasu halittu da ake kira deva, amma su ma mutuwa suke yi a sake haifarsu.

Abu na biyu, kuma shi ne inda aka fi tuntuɓe, shi ne kalmomi. Kalmominmu na addini sun zo da kayansu, kuma duk wanda ya ɗora su a kan wata akida ba tare da lura ba ya sauya mata ma'ana. Na taɓa duba aikin wata ɗaliba wadda ta rubuta cewa mabiya Buddha suna yin ibada domin su shiga aljannarsu mai suna nirvana, kuma a cikin jimla ɗaya tak ta yi kuskure biyu, wato a kalmar ibada da kalmar aljanna. Asalin kalmar nirvana shi ne mutuwar wuta, kamar yadda fitila ke mutuwa idan mai ya ƙare, kuma wutar da ake nufi ita ce ta kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu. Wanda ya kai gare ta ya fita daga zagayen haihuwa da mutuwa da ake kira samsara, alhali Kirista yana sa rai ne ga tashin matattu da rai madawwami a gaban Allah. Haka nan karma ba ƙaddara ba ce, domin babu wanda ya rubuta ta. Aiki ne da mutum ya yi da niyya, wanda ke haifar da sakamakonsa kamar yadda iri ke tsiro. Mafi wuyar fahimta ga mai karatun Hausa ita ce koyarwar anatta, wadda ke cewa babu wani ruhu dawwamamme a cikin mutum. Idan aka tambayi malamansu me ake sake haifa ke nan, sukan ba da misalin fitilar da aka kunna daga wata fitila: harshen wutar na biyu ba na farkon ba ne, kuma ba baƙo ba ne gare shi. Shawarata ita ce a bar irin waɗannan kalmomi yadda suke, a yi bayaninsu sau ɗaya, maimakon a nemo musu takwara ta dole.

Bayan haka sai a faɗi reshen da ake magana a kai. Kirista na Katolika yana da littattafai 73 a cikin Littafi Mai Tsarki, na Angilikan ko ECWA yana da 66, kuma ba su ɗauki Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi a sujada, da ma'ana ɗaya ba. Addinin Buddha shi ma a rarrabe yake. Theravada na Sri Lanka da Tailan da Myanmar ya dogara ga Tipitaka, wato kwanduna uku na nassosinsu, da aka rubuta da harshen Pali a Sri Lanka cikin ƙarni na 1 kafin Miladiyya. Mahayana na Sin da Japan da Koriya ya ƙara wasu nassosi, kuma a cikinsa akwai masu kiran sunan wani Buddha mai suna Amitabha suna dogara gare shi ya kai su wata duniya da suke kira Ƙasa Mai Tsarki. Wannan na ƙarshe ya isa ya rushe jimlar nan da ɗalibai ke so, wai Kiristanci bangaskiya ce zalla, addinin Buddha kuma ƙoƙarin kai ne zalla.

Wajen ayyuka, a kwatanta nassi da nassi, al'ada da al'ada, kada a ɗauki kyakkyawar koyarwar wannan a gwada da munin halin mabiyan wancan. Dokoki Goma da alkawura biyar na mabiya Buddha sun yi kama a zahiri, domin duka sun hana kisa da sata da zina da ƙarya. Amma na farko umarni ne daga Allah, na biyu kuwa horo ne da mutum ke ɗaukar wa kansa, kuma hanin kisa a cikinsa ya haɗa har da dabbobi, sannan na biyar ɗin ya hana kayan maye. Akwai kuma abin da idon Bazazzagi zai yi saurin fassarawa ba daidai ba. A Tailan sufayen Buddha sukan fita da sassafe babu takalmi, kowa da ƙwaryarsa, kuma wanda ya ga hoton zai ce bara ce irin ta almajirai. Sufin ba ya roƙo kuma ba ya kira a ƙofar gida, mai bayarwa ne ke jiransa a bakin hanya yana ganin shi aka yi wa alfarma, kuma daga tsakar rana sufin ba ya sake cin abinci sai gobe.

Kafin a miƙa aikin, a kai sashen Kiristanci wurin wani Kirista mai ilimin addininsa, a Wusasa ko Sabon Gari ko Tudun Wada, a karanta masa, a tambaye shi ko ya ga addininsa a ciki. Idan ya ce ba haka suke faɗa ba, a gyara ko da an kwafo daga littafi ne. Sashen Buddha kuma a gwada shi da fassarar nassosinsu da rubutun mabiyansa, a cire duk jimlar da aka samo daga littafin da aka rubuta domin yi musu raddi.