Yadda ake ɗaura fitilar silin a tsohon gida lami lafiya

A tsofaffin gidajen Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, inda zafin kwanon rufi ya yi shekaru yana gasa wayoyin cikin silin, ɗaura fitila aiki ne mai buƙatar natsuwa, domin wutar da ke shigowa gida bolt 220 ce, kuma ta isa ta yi kisa.

Da farko, a je wurin mita a sauke babban makunnin gidan, sannan a sanar da mutanen gida kada wani ya mayar da shi. Kashe makunnin bango kaɗai bai wadatar ba, saboda a wasu tsofaffin gidaje an haɗa shi ne a kan wayar da ba ta ɗauke da wuta, sai ƙwai ya mutu alhali wutar tana nan a bakin waya. Haka kuma kada a dogara da cewa an ɗauke wuta a unguwa, domin ana iya dawo da ita mutum yana kan tsani.

Bayan haka, a taɓa kowace waya da testa, wato na'urar da ke nuna ko akwai wuta a waya, wadda aka riga aka gwada a soket tun kafin a sauke makunnin. A ƙa'ida, ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ce abokiyar aikinta, mai kore da rawaya kuma ta ƙasa ce, amma wanda ya haɗa gidan tun da daɗewa ba lallai ne ya bi wannan tsari ba.

Sai a lanƙwasa wayar kaɗan da yatsa. Idan robarta ta tsage ko tana marmashewa, ko an ga cizon ɓera, to a dakata a kira ƙwararren mai gyaran wuta, domin naɗa salatif ba ya gyara wayar da ta ƙone.

Idan wayar lafiya take, a ƙwanƙwasa silin a gano inda katakon rufi yake, a ɗaure gindin fitilar da sukuru a jikinsa, ba a falankin silin ba, musamman inda gara ta ci. A feɗe bakin wayoyi kamar santimita ɗaya, a ɗaure su cikin domino, wato ɗan mahaɗin wayoyi mai sukuru, maimakon murɗa su da hannu, a ja kowace a tabbatar ta kamu. Fitila mai jikin ƙarfe tana buƙatar wayar ƙasa; in babu ita a gidan, mai jikin roba ta fi dacewa.

A ƙarshe, a sa ƙwan LED, wanda ba ya zafi kamar na da, a sauko daga tsani, sannan a mayar da wuta. In makunnin ya sake faɗuwa ko an ji ƙauri, a kashe nan take.