In za ku taron maganar kwal ɗin Salkadamna, ga yadda za ku shirya

Ƴan uwa na Tawa, musamman mutanen wajen Takanamat, maganar tashar kuran mai aiki da kwal a Salkadamna ta daɗe ana yin ta, kuma tun da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta 2023 kowa ya ƙagu a gina. Ni ma ina so wallahi. Amma in an kira taron jama'a kar ku je ku yi tafi kawai ku dawo, ku tambayi ranar rufe tashar tun kafin a aza tubali.

Ku fara da sanin tarihin wasu. A Ingila akwai tashar Ratcliffe, ta fara aiki a 1968, megawat 2000, aka kashe ta ran 30 ga Satumba 2024, ita ce ta ƙarshe mai kwal a ƙasar. Gwamnatinsu ta sanar tun 2015 cewa za a bar kwal, kenan ma'aikata sun samu shekaru suna neman madafa. Mu kuma nan gida muna da Sonichar a Cirozerin, tun 1981 take ƙona kwal ɗin Anu Araren tana ba Agadas da kamfanonin uraniyom na Arlit wuta, to ran 31 ga Maris 2021 Cominak, mai haƙar uraniyom a Akokan, ta rufe, ɗaya daga manyan masu sayen kuran ɗin kenan, ku tambayi duk wanda ke da ɗan uwa a Akokan yadda kasuwa ta koma, har mai sai da waina ta ji a jikinta.

Don haka tambayar farko: wa zai sayi wutar, Nigelec ko wani kamfani, kuma ƙauyukan da ke gindin tashar za a ja musu layi ko sai dai su ga waya ta wuce ta kansu?

Sai ruwa, nan fa ku dage. Kwal ake ƙonawa a tafasa ruwa, tururin ya juya inji, kenan tana shan ruwa ba kaɗan ba, mu kuwa a Adar kun san zurfin rijiyoyinmu, wata sai an ɗaura igiyar guga ga raƙumi ya yi tafiya mai nisa kafin ruwa ya fito. A faɗa muku inda za a ɗebo shi, kuma in rijiyar makiyaya ta ja baya wa zai biya. Haka toka, ina za a zuba ta, ta wane gefe iskar hunturu za ta kwashe ta.

Gona ko makiyaya da za a karɓa, kar a tsaya ga baki, a rubuta, mai gari ya sa hannu, ku riƙe kwafi a cikin leda. Ku nemi takardar binciken muhalli, in da Faransanci take ku sa wani malamin lakwal ya karanta muku da Hausa ko Buzanci kafin ranar, ku raba tambayoyin tsakaninku don in an katse ɗaya wani ya ɗora. Mata su zo, su ke ɗibar ruwan.

Tambaya ta ƙarshe ita ake yawan kaucewa: kuɗin cike ramin haƙar kwal da sallamar ma'aikata ran da tashar ta rufe, har ƴan kwangila da leburori, a wane asusu za a riƙa ajiye su, kuma wa ke da ikon taɓawa. In aka ce sai gaba, ku roƙi a rubuta hakan a takardar taron da sunan wanda ya faɗa.