Ƙanwata mai son binciken magani da kwamfuta, ga ta inda za ki fara

Wata ƙanwata da ke karatun kemistiri a nan Jos ta tambaye ni wai ta yaya za ta shiga binciken magani, ga goyo ga girki, ba damar kwana a lab. Na ce mata ai a wannan fannin laftof ɗinki shi ne lab, ƙarfe goma na dare yara sun yi barci kin ja bargo saboda sanyin nan namu, in dai da caji da data aiki na tafiya.

Ki fara da furotin ɗaya tak, kar ki yi haɗama. Ki shiga Protein Data Bank, rumbun siffofin furotin a intanet, ki sauke siffar furotin na ƙwayar maleriya, ki ɗauko sinadarai a PubChem, rumbun bayanan sinadarai a intanet, sai ki sa manhajar AutoDock Vina ta gwada miki wanne ne zai zauna daram a jikin furotin ɗin, kamar dai gwada makulli a kwaɗo. Duk kyauta ne wallahi. In laftof ɗin na ɗaukar zafi yana kuka, ki koma Google Colab, inda kwamfutocin Google ke yi miki aikin ta intanet, ki riƙa koyon Python, yaren rubuta manhaja, kaɗan-kaɗan. Tu Youyou 'yar Sin da ta gano artemisinin, wanda ke cikin maganin maleriyar da muke sha, ta karɓi Nobel a 2015, mace ce kamarki.

Amma abin da ya fi damuna shi ne suna. Ni na taɓa yin wata huɗu ina lissafi, ni na zana hotunan, da takardar binciken ta fito sai na tsinci sunana can ƙasa wajen godiya, aka ce ai taimakawa na yi. Har yau abin na min ciwo. Don haka kafin ki taɓa komai ki tambayi malaminki cikin ladabi, ranka ya daɗe sunana zai zo na nawa? Ki tura masa imel domin amsar ta zauna a rubuce, ki kuma adana fayilolinki da kwanan wata. Ki buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, tun yanzu, ko aure ya sa kin canza suna ayyukanki na nan ƙarƙashin lamba ɗaya.

In an sa mitin da magariba, ki buɗe baki ki nemi a dawo da shi da rana. Ki yi rajista da OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa.