Darasi na 9: Buga etiket na gidan faifai da kwamfuta

Ƴan uwa barkanku da zuwa, yau darasinmu na hannu ne, kowa ya ɗauko gidan faifai guda, da rula, da almakashi. Abin da ya sa na zaɓi wannan darasi shi ne wata Hajiya a ajinmu na nan Tawa ta zo min da leda cike da fayafayai wajen goma sha, wai bidiyon bikin ɗiyarta take nema, duk farare ne fes ba rubutu ko ɗaya, sai da muka zauna tun bayan la'asar muna sa su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, wannan tafsirin azumi ne, wannan hotunan suna ne, wannan ma ƙura ta cinye shi ya ƙi buɗewa, sai a na tara muka samu bikin. Na ce mata Hajiya da an manna ƴar takarda a kowane gida da ba mu sha wannan wahala ba, ta ce Malam ai shi ya kawo ni karatu.

To wannan ƴar takardar ita ce etiket. Aikinta ka san abin da ke cikin faifai tun ba ka buɗe gidansa ba.

Awo kafin a taɓa kwamfuta

Nan ne mutane suke garaje kuma nan ne aikin yake lalacewa. Faifan sidi da na dibidi faɗinsu ɗaya ne, santimita 12, amma gidajensu sun bambanta. Gidan sidi na roba mai garai-garai, wanda yake saurin tsagewa, takardar fuskarsa santimita 12 ce ta kowane ɓangare. Ta bayansa faɗinta 15, tsayinta 11,8, kuma a cikin wannan 15 ɗin akwai siraran gefe guda biyu, kowane wajen 0,6, waɗanda ake lanƙwasawa. Gidan dibidi kuwa, baƙin nan mai kamar littafi, takarda guda ce take lulluɓe shi gaba da baya, faɗinta 27,3 tsayinta 18,3, tsakiyarta 1,4. Akwai kuma gidaje marasa kauri da ake sayarwa a kasuwa, su tsakiyarsu ba ta kai haka ba, don haka ko na ba ku lamba ku sa rula ku auna naku da kanku ku rubuta a littafi.

Takardar da muke bugawa a kai ita ce A4, faɗi 21 tsawo 29,7. Kun ga ke nan fuskar sidi biyu suna shiga shafi guda, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kar a yi asarar takarda.

Zana gidan a cikin Word

Ba sai kun nemi wata manhaja ta musamman ba, Word ɗin da muka koya a darussan baya ya isa, wanda ba shi da shi kuma LibreOffice Writer kyauta ne kuma aikin kusan iri ɗaya ne. Tunda yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, zan faɗi sunayen kamar yadda za ku gan su a allo.

Buɗe sabon shafi, je Mise en page, danna Marges ka rage gefen takarda zuwa 1,5. Sai ka je Insertion, ka danna Tableau, ka zaɓi ɗaki ɗaya tak. Danna maɓallin dama na linzami a kansa, shiga Propriétés du tableau, a wajen Colonne ka rubuta 12, a wajen Ligne ma 12, kuma ka zaɓi Fixe, don in ba ka zaɓe shi ba duk layin da ka ƙara sai ɗakin ya yi ta tsawo kamar danƙo, ka buga ka ga ya fi gidan girma. Wani ƙaramin abu da yake rikita mutane, kwamfuta mai Faransanci waƙafi take so a tsakanin lambobi, 11,8 za ka rubuta, in ka sa ɗigo tana iya ƙin karɓa.

Na baya kuma ɗaki uku za ka yi a jere, 0,6 sai 13,8 sai 0,6. A siraran ɗakunan nan ne za ka juya rubutu ya tsaya a tsaye da Orientation du texte, kuma ni a ganina wannan gefe ya fi fuskar amfani nesa ba kusa ba, domin idan ka jera fayafayai a kanta ko a kwali gefen kawai ido yake gani. Na dibidi sai ka kwantar da shafin da Paysage, ka rage gefen takarda duka huɗu zuwa 1, ɗaki uku shi ma, na hagu shi ne baya, na dama shi ne fuska, siririn na tsakiya.

Me za a rubuta

Abu uku sun wadatar, mene ne a ciki, na yaushe ne, na wa ne. Misali Bikin Rabi, Disamba 2019, faifai na 1 cikin 2. Ko kuma Lissafin ƙungiyar masu albasa, 2023, ajiyar ma'aji. Kar ka rubuta Hotuna kawai ko Takardu kawai, bayan shekara biyu kai kanka ba za ka tuna hotunan me ba ne. Sunan ya zama babba, girman 28 ko 36, sauran 14, baƙin rubutu a kan farar takarda, saboda Baba da Inna da idonsu ya fara rauni su ma su iya karantawa. Samari suna son cika hoto da launi har rubutun ya ɓace, ban hana ba, amma hoto guda ya isa kuma a bar wa suna fili.

Sai maganar haruffanmu masu ƙugiya, ɓ ɗ ƙ ƴ, babu su a kan maɓallan kwamfuta. Je Insertion ka danna Symbole ka nemo su, ko ka rubuta a waya da allon Hausa ka tura ka kwafa. Don Allah kar a yi kasala da wannan, mun sha wuya kafin muka koyi bambanta kofa da ƙofa, bai kamata mu zo bugawa mu watsar ba. Idan ka ga ɗan akwati ya fito a wurin harafin, salon rubutun ne bai san shi ba, canza zuwa Arial ko Times New Roman. Kuma kana yi kana danna Ctrl da S don ajiye aikin, kun dai san halin wuta, ba ta sallama in za ta tafi.

Bugawa

A nan zan ba ku labarin kuskurena. Na taɓa shirya etiket ashirin na fayafayan wa'azi, na auna komai daidai, na kai wani siba, wato shagon da ake buga takardu da kwamfuta, aka buga, na dawo gida na yanka duka ashirin ɗin kafin na gwada ko ɗaya, ina sawa sai na ga takarda tana yawo a cikin gidan, ta rage wajen rabin santimita ta kowane gefe. Ashe an bar zaɓin da yake matse aiki ya daidaita shi da shafi. Takarda ta tafi, kuɗi sun tafi. Don haka in ka danna Ctrl da P ka duba a tabbatar girman yana 100%, in kuma ka mayar da aikin PDF ka zaɓi Taille réelle. Ka ce wa mai siba, ɗan uwa buga min guda tukuna a farar takarda, ka sa rula a kai nan take a gabansa, in 12 ta fito 12 sannan a buga sauran a kan takardar bristol mai ɗan kauri. Ka tambaye shi kuma irin imprimantin, wato na'urar bugawar, mai tawadar ruwa rubutunsa yana zuba in gumi ko ruwa ya taɓa shi, na leza ba ya yi.

Yanka a kan layi a hankali, lanƙwasa gefen a bakin rula don ya miƙe, ka zura takardar ƙarƙashin ƴan haƙoran murfin. Ba a sa gam.

Shi faifan kansa kar a manna masa takarda sakaka, yana juyawa da gudu a cikin na'ura, in nauyi ya karkata gefe ɗaya sai ya yi ta karkarwa, ga zafinmu na watan Afrilu da Mayu yana ɗaga manne takardar ta maƙale a ciki. Kar kuma a rubuta masa da biro, a sidi abin da ke riƙe bayanan yana dab da saman nan, bakin biro yana iya karce shi. Alƙalami mai laushin baki za a sa, a rubuta lamba kawai, irin wadda ke jikin etiket, don ko sun rabu da gidansa a gane. Masu kile kuma, wato ƴar na'urar ajiya da ake soka wa kwamfuta, tunda ƙarama ce, a saka ta a ambulan ko ƙaramin gwangwani a manna etiket ɗin a jikinsa.

Aikin gida

Kowa ya zaɓi faifai biyu a gidansa, ya auna gidajensu ya rubuta lambobin a littafi, sannan ya rubuta abubuwa ukun nan da hannu, mene ne, na yaushe, na wa. Ku zo da su ranar Asabar, za mu shiga kwamfuta biyu-biyu, Hajiya kuma ki taho da ledarki gaba ɗaya, da ita za mu fara.