Yadda na sauke rassa ba su taɓa rufi ba

Reshen farko da na yanke sai da ya daki bakin rufi, alhali na ɗaure shi tamau. Ashe laifin igiyar nailan ne: nauyi na hawa kanta sai ta miƙe kamar roba. Na koma ta foliyesta mai kaurin milimita 16, wadda ba ta cika miƙewa ba. Na ratayo ta kan gwafa mai ƙwari can sama da reshen, na naɗe jelarta sau uku a jikin kututturen. Naɗin nan ke ɗaukar nauyin, ba hannun mai riƙo ba. Sannan na riƙa yanka gajeru, ina fara tsagawa ta ƙasa. Kowanne ya sauko a hankali, ƙanena na karkatar da shi da siririyar igiya.